Tambaya da Amsa: Kayan mata masu roba da lambarsu a littafin kwastam

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da shago a kasuwar Sabon Gari nan Zariya, kayan mata nake sayarwa. Da can a Kantin Kwari nake saro, to bana sai muka haɗa kuɗi ni da wasu mata biyu muka yi odar kaya kai tsaye daga Gwanzu ta ƙasar Sin: dogayen riguna masu roba, legins, rigunan sanyi, rigunan barci, rigar mama da hijaban jesi. Ejan ɗinmu, wato wakilin da ke mana fiton kaya a kwastam, ya rubuta duka a layi ɗaya da lamba ɗaya, ya ce ai duk tufafin mata ne, kuɗin fitonsu ɗaya. Da aka buɗe kwantena sai aka ce abin da ke takarda bai dace da abin da ke ciki ba. Aka tsayar da kaya, aka yanko mana ƙarin kuɗi, ga kuɗin ajiya kullum yana hawa, har sanyi ya wuce rigunan sanyin ba su iso ba. Baba, in da gaske kuɗin ɗaya ne, me ya kawo rigimar lamba? Kuma yaya zan gane lambar kowanne don gaba? Daga wata Hajiya, Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar muku da alheri. Na san zafin wannan abu, domin mai sayar da rigar sanyi a Zariya Disamba da Janairu take da su. Da zarar hazo ya ɗaga, sai dai a ɗaure kaya a jira baɗi, jari yana kwance.

Ejan ɗinku rabin gaskiya ya faɗa muku. Tun 2015 Najeriya take bin tsarin harajin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ya kasa kayan da ake shigowa da su zuwa matakai biyar: waɗanda ba a biya musu komai, sai na kashi 5, na kashi 10, na kashi 20 da na kashi 35 cikin ɗari. Ɗinkakkun tufafi gama-gari suna matakin kashi 20. Saboda haka in kika ɗauki doguwar riga da rigar sanyi, kason da za a cire a kan kowacce zai iya zama ɗaya. Abin da ya ɓoye muku, ko bai tsaya ya yi tunani a kansa ba, shi ne kashi 20 ɗin na mene ne. Ana cire shi ne daga darajar kaya, wato kuɗin saye da na inshora da na jirgi. Jami'in da ke duba takardarki yana kallon lamba da bayanin kaya ne ya auna ko farashin da kika rubuta ya yi kama da gaskiya. Dozin ɗin safa da dozin ɗin rigar sanyi mai kauri ba kuɗinsu ɗaya ba a ko'ina a duniya. In an rubuta kwantena guda da lambar kaya mai araha, aka buɗe aka tarar da iri shida, dole ya sake lissafi, kuma dole zuciyarsa ta ba shi cewa da gangan aka yi. Daga nan takardar neman cikon kuɗi take fitowa, wadda 'yan fito ke kira DN. Dokar Hukumar Kwastam ta 2023, kamar wadda ta gada, ta ɗauki bayanin da ba daidai ba a matsayin laifi, kuma sunan mai kaya ne, ba na ejan ba, a kan Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa a banki, da takardar PAAR, wato rahoton ƙiyasin da kwastam ke fitarwa a kan kayan. A ganina jami'an da suka tsayar da kayan aikinsu suka yi.

To bari mu zo kan lambar. Littafin da ake bi ba a Abuja aka rubuta shi ba. Hukumar Kwastam ta Duniya, mai hedikwata a Burasel ta ƙasar Beljiyam, ita ke kula da tsarin ba kowane irin kaya lamba da ake kira HS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988, ana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci, kamar yadda aka yi a 2017 da 2022. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Sin da Turkiyya da Dubai da Najeriya. Mu a nan muna ƙara huɗu su zama goma. Biyun farko babi ne, biyu na gaba irin tufar, biyu na bayansu galibi irin zaren da aka yi ta da shi. Tambayoyi uku ke nan, kuma duk ukun hannunki da idonki sun fi na ejan iya amsa su, tunda ke kike wuni da yadi, shi kuwa takarda kawai yake gani.

Tambaya ta farko: yaya aka haɗa yadin? Atamfa da shadda da yadin masaƙa zare biyu ne ke gitta juna, na tsaye da na kwance. Tufar da aka ɗinka da irin wannan tana babi na 62. Yadin jesi kuwa zare ne da aka yi ta lanƙwasawa madauki cikin madauki, irin aikin da mata ke yi da kwarashi in suna saƙa hular jariri, sai dai inji ke yi da ƙananan allurai. Wannan babi na 61 ne. Ki ɗaga rigar a haske ki ja ta kaɗan: in kika ga ƙananan layuka masu kama da harafin V suna jere daga sama zuwa ƙasa a fuska, a baya kuma ƙananan baka-baka a kwance, to babi na 61 ce. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin a kasuwa duk abin da ya miƙe in an ja shi mai roba muke ce masa. Akwai wandon jins da ke miƙewa saboda an sa masa zaren roba kaɗan, amma haɗinsa na tsaye da kwance ne, babi na 62 yake. Miƙewa ba hujja ba ce, madaukin shi ne hujja. Abayar da ake kawowa daga Dubai ma yawancinta babi na 62 ce, ko da tana da santsi da laushi.

Tambaya ta biyu: wace irin tufa ce? Bari in bi kayanki ɗaya bayan ɗaya. Doguwar riga mai roba tana 6104, tare da siket da wando da jaket na mata. Rigar sanyi, ko ta zurawa ta ka ko mai maɓalli a gaba, 6110 ce. Rigar barci da shimi da ɗan kamfai suna 6108. Tishat da singileti 6109. Safa 6115, safar hannu 6116. Rigar mama kuwa ita ce mai ba da mamaki: ko da yadin jesi aka yi ta, ba ta babi na 61 ko kaɗan. An ware mata 6212 tare da ɗamarar matse ciki, kuma an rubuta ƙarara cewa ko wace irin saƙa ce nan take. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki layi ɗaya ba zai taɓa ɗaukar kwantenarku ba, tunda ko babi ba ɗaya ba ne.

Legins yana buƙatar a tsaya a kansa. In mai kauri ne wanda ba a ganin jiki ta cikinsa, ya tsaya a idon sawu, ana iya sa shi a matsayin wando, to wando ne, 6104. In siriri ne shara-shara, ya haɗe da tafin ƙafa, dangin safa ne, 6115. 'Yan makarantar da ke sayensa don sawa ƙarƙashin hijabi ba su damu da wannan bambanci ba, amma mai duba kaya ya damu.

Haka ƙananan rigunan sama, waɗanda a shago duk tof muke ce musu. Littafin ya raba su gida uku, kuma da ƙananan alamu yake rabawa. Bulawus tana 6106, amma da sharaɗi: kada ta zama da aljihu a ƙasan ƙugu, kada a yi mata roba ko zariya mai tsuke gindin rigar, kuma saƙarta ta zama mai ƙanƙantar ido, aƙalla madauki 10 a kowace santimita, a tsaye da kwance, in an ƙirga a fili mai faɗin santimita 10 da tsawon 10. Tishat ma in aka yi mata abin tsuke gindi ta fita daga 6109. Waɗanda suka faɗi waɗannan sharuɗɗa yawanci 6110 suke komawa. Ki sayi ƙaramin gilashin ƙara girma da rula ki ajiye a jaka, za su yi miki amfani fiye da yadda kike zato.

Ga kuma batun saiti, wanda yanzu ya cika kasuwa: riga da wando ko riga da siket a leda ɗaya. Kafin a ɗauke su abu guda a ƙarƙashin 6104, sai yadinsu ya zama ɗaya, launi ɗaya, zare ɗaya, salo ɗaya, girma kuma ya dace da juna. In rigar fara ce wandon baƙi, ledar da ta haɗa su ba ta mayar da su ɗaya ba. Kowanne zai koma gidansa, da farashinsa daban. Shi ya sa nake cewa a roƙi mai sayarwa ya raba farashin tun a rasit.

Yanzu hijabi, wanda na san shi ne ya fi shafar 'yan kasuwarmu. Waɗanda suka tsara littafin nan ba su da hijabin matan Zariya a gabansu lokacin da suke rubutu, don haka sai an yi aiki da hankali. Gyale da mayafi da ɗan ƙaramin hijabin jesi da ake naɗawa a ka su sauka a kafaɗa suna da gida bayyananne, 6117, inda aka ambaci mayafai da lulluɓi; in na yadin tsaye da kwance ne kamar shifon, 6214. Hular da ake sawa ƙarƙashin hijabi ta fita daga babin tufafi gaba ɗaya, ta tafi babi na 65 wurin huluna, 6505. Inda ake ja-in-ja shi ne dogon hijabi har ƙasa, musamman mai hannu. Ni fahimtata, muddin an yanka masa hannu, an yi masa wurin fuska, ya rufe jiki duka, to ya tashi daga mayafi ya zama tufa, kuma 6114, gidan sauran tufafin da ba a ambata da suna ba, ya fi dacewa da shi. Na sha ganin jami'ai biyu masu gaskiya sun saɓa a kan irin wannan. Maganinsa ya samu yanzu: a 2024 Hukumar Kwastam ta ƙaddamar da tsarin neman hukunci tun kafin a shigo da kaya. Kina kai samfuri da hoto da cikakken bayani, a rubuta miki lambar da za a yi aiki da ita, ki riƙe takardarki. Ga mai niyyar kawo hijabai duk shekara, wannan ya fi gardama a bakin kwantena nesa ba kusa ba. Ku da kuke haɗa kuɗi ku uku, ku nema sau ɗaya da sunan kamfanin da kuke shigo da kaya da shi. Sannan ki lura, in yadin jesin kika kawo a naɗe don telolin Tudun Wada su ɗinka, wannan babi na 60 ne, yadi ne ba tufa ba. Amma in an riga an yanka shi siffar riga, ɗinki kawai ya rage, doka ta biyu cikin dokokin fassara littafin ta ce a ɗauke shi kamar gamammiyar riga.

Tambaya ta uku: da wane zare? A doguwar riga, 6104.41 ta gashin tumaki ce, 6104.42 ta auduga, 6104.43 ta zaren da aka sarrafa daga sinadaran man fetur kamar foliyesta da nailan da akirilik, 6104.44 ta irin su biskos da ake yi daga ɓawon itace da aka narkar. A rigar sanyi, auduga 6110.20, zaren masana'anta kowane iri 6110.30. Kusan duk rigunan sanyin da ake sayarwa daga Sabon Gari zuwa Samaru da sunan ulu, akirilik ne, ba su taɓa jikin tunkiya ba. In ejan ya ji kin ce ulu ya rubuta lambar gashin tumaki, ya jawo miki darajar kaya mai tsada a banza, sannan ga bayanin ƙarya.

Da wuya a samu riga mai zare iri ɗaya zalla, shi ya sa aka kafa doka: zaren da ya fi nauyi shi ke da rigar. Auduga kashi 95, zaren roba kashi 5, ta auduga ce. Foliyesta 60, auduga 35, roba 5, ta foliyesta ce. In sun yi kunnen doki, auduga 50 foliyesta 50, ana ba wanda ya zo ƙarshe a jerin lambobi, wato foliyesta. Ga wanda ya fi kama mutane: auduga 40, foliyesta 35, biskos 25. Ido zai ce auduga ta yi rinjaye. Amma ana fara haɗa zaren masana'anta wuri ɗaya ne a gwada da auduga, 60 ke nan a kan 40, auduga ta faɗi. Sannan a tsakaninsu foliyesta ya fi biskos, rigar ta tafi 6104.43.

Lakabin da ke wuyan riga ko a gefenta shi ne farkon abin dubawa, sai dai wasu ƙananan masana'antu suna liƙa lakabin da suka samu ne kawai. Ki zare 'yan zarurruka daga cikin ɗinki ki kusanta su da ashana. Auduga tana ci da wuta sarai, warin takarda, ta bar toka mai laushi. Biskos ma haka yake yi. Gashin tumaki warin ƙonannen gashi yake, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Foliyesta da akirilik narkewa suke su dunƙule su yi tauri. Wannan gwaji zai nuna miki hanya ne kawai, ba zai gaya miki kashi nawa ba. In odar babba ce, ki nemi masana'antar ta ba ki takardar gwajin zare. A nan gida ma, Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana da sashen da ke koyar da kimiyyar zare da saƙa, ana iya neman shawararsu.

Abin da nake so ki ɗauka daga duk wannan shi ne aikin lamba a Gwanzu ake yin sa, ranar da ake cika kwalaye, tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka kawo lefe, babu gidan da ake cewa akwati shida a tashi. Sai an zauna an ƙirga atamfa nawa, leshi nawa, mayafi nawa, an rubuta. Haka takardar jerin kayanki za ta kasance: kwali na 1 zuwa 20, doguwar rigar mata, saƙar jesi, foliyesta 95 roba 5, dozin kaza, farashi kaza. Kowane iri da layinsa, kowane kwali da lambarsa a jiki, kuma kada a cakuɗa iri biyu a kwali ɗaya in ba dole ba. Ki ɗauki hoton kowane samfuri gaba da baya da lakabinsa. Mai sayar miki yana rubuta lamba a takardar fitar da kaya daga ƙasarsa. Ki nemi ya ba ki, ki ɗauki shidan farko ki gwada da abin da idonki ya gani, kada ki karɓa ido rufe, domin shi lissafin da ke gabansa na harajin ƙasarsa ne. Wannan jeri shi za ki miƙa wa ejan kafin a buɗe Fom M a banki, ki ce masa layi nawa kike son gani. In ya ce yawan layi ɓata lokaci ne, ki nemi wani mai lasisi. Kuma ko da yaushe ki karɓi takardar lissafin da na'urar kwastam ta fitar da rasit ɗin banki, ba jimlar da aka faɗa miki ta waya ba. Don ki samu ma'auni: kayan da darajarsu da jigila da inshora ta kai naira 10,000,000, fito a kashi 20 naira 2,000,000 ne, kuɗin ECOWAS na rabin kashi ɗaya naira 50,000, harajin VAT na kashi 7.5 kuma a kan jimlar duka ake cire shi, zai haura naira 900,000, ban da sauran kuɗaɗen da gwamnati ke ɗorawa ko ta sauya a sanarwar shekara.

Akwai wani dalili da ya sa lamba ta dame ni, wanda ya wuce aljihun mutum ɗaya. Da lamba ake gane kayan da wata doka ta shafa. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana sayar da dala ta hukuma ga masu shigo da wasu kayayyaki, har da yadi da tufafi, ba a ɗage ba sai Oktoban 2023. Kuma da lambobin nan ake tattara lissafin abin da ke shigowa ƙasa. Mu da muka taso muna ganin manyan motoci suna ɗaukar auduga daga ƙasar Zazzau da Funtuwa zuwa masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, muna so wata rana a sake juya injinan nan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru har yau tana fitar da irin auduga. Duk wanda zai zuba kuɗi ya kafa injin saƙar jesi a Kaduna ko Zariya zai fara tambayar tishat nawa da legins nawa ake shigowa da su, na auduga nawa. In kowace kwantena an rubuta ta da lambar da ta zo bakin ejan, amsar da zai samu ba ta da amfani.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a Kongo nan Zariya, ina ɗan sana'a ta waya. Ina yin odar riguna dozin uku zuwa biyar, kamfanin kago ya kawo mini Kano in biya kuɗin kilo. Ban taɓa ganin wata lamba ba. Ni ma abin ya shafe ni? Daga wata ɗaliba, Kongo.

AMSA: 'Yata, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Kamfanin kago yana haɗa kayan mutane da yawa ne ya yi fito da sunansa, kuɗin fiton yana cikin kuɗin kilon da kike biya, shi ya sa ba kya ganin takarda. Amma bayanin da kika ba su shi suke tattarawa. In kika ce riguna alhali akwai jakunkuna da turare da takalma a ciki, ranar da aka buɗe aka ga saɓani, kayan kowa ke tsayawa, har na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ki riƙa rubuta musu gaskiyar abin da ke kowane ƙunshi, ki ajiye rasit ɗin sayenki da nasu. Kuma ki fara koyon raba babi na 61 da na 62 tun yanzu da kayanki ba su da yawa. Na ga mata da suka fara da dozin uku yau suna cika kwantena.

TAMBAYA: Malam, ina kawo rigunan sanyi masu hula da zif da wandunan motsa jiki waɗanda maza da mata duk suna saye. Na maza zan rubuta ko na mata? Daga wani ɗan kasuwa, Kwangila.

AMSA: Ɗan'uwa, rigar sanyi ta 6110 ba ta raba maza da mata a lambobi shidan farko, haka tishat ta 6109, don haka a nan hankalinka ya kwanta. Inda aka raba, kamar wando da jaket, maza suna 6103 mata suna 6104. Dokar babin ta ce a duba yadda gaban tufar ke rufuwa: in ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, ta maza ce, in dama ke hawa kan hagu, ta mata ce, sai fa in yankan tufar ya nuna ƙarara ga wanda aka yi ta. Wadda ba a iya ganewa ko ta wane jinsi ce, ana rubuta ta a ta mata. Wandon roba mai zariya da ba shi da wata alama 6104 zai tafi ke nan, ko da samarin Kwangila ne za su saye shi duka. In riga da wandon motsa jikin saiti ne guda irin na 'yan wasa, gidansu 6112. In kuma akwai na jarirai a ciki, duk tufar da aka yi wa yaron da tsawonsa bai wuce santimita 86 ba 6111 take, kowace iri ce.

TAMBAYA: Baba, an yi mini tayin dilolin kayan mata masu roba daga Turkiyya. Mai kayan ya ce sababbi ne, ragowar shaguna ce da ba a sayar ba, an matse su a dila don rage kuɗin jirgi. Wata ƙawata ta ce za a kama su a matsayin gwanjo. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai shago, Tudun Wada.

AMSA: Malama, ƙawarki ta hango miki abu mai muhimmanci. Gwanjo yana da lambarsa, 6309, kuma yana cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta haramta shigowa da su gaba ɗaya, duk da yadda kike ganinsa a kasuwanni. Wanda aka kama da shi kayan ake ƙwacewa. Kafin kaya su zama 6309 sai sharuɗɗa biyu sun haɗu: alamar an sa su sosai ta bayyana a jikinsu, kuma a kawo su a zube ko a dila ko a buhu. Sabuwar rigar da ba a taɓa sawa ba ba ta zama gwanjo don an matse ta a dila. Tana nan a babi na 61 da lambarta, kuma cikakken fito za a biya mata bisa farashin da aka saya. Matsalar ita ce dila ta riga ta cika sharaɗi ɗaya, saura ido ya yanke hukunci a kan ɗayan, ga kaya sun yamutse, iri-iri a cakuɗe, wasu an yanke musu lakabi. Ko a hanyar Legas zuwa Kaduna dila ta fi kwali jawo tsayarwa. Ragowar shago kuma wani lokaci tana zuwa da kayan da masu saye suka mayar bayan sun sa, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu sun isa su jefa sauran cikin zargi. In za ki saya, ki sa a buɗe dila biyu ko uku a gaban wanda kika amince da shi can, a ware kayan iri-iri, a bar musu lakabinsu, a zuba a kwalaye, a rubuta a rasit cewa sababbi ne ragowar shago tare da adadin kowane iri. In mai kayan ya ƙi yarda a buɗe kafin ki biya, ki bar masa kayansa.